Yadda Fo Ya Shiga Littafin Yara



Maudu'in da muka ɗauko yau zai sa wasu murmushi, wasu kuma su kau da kai. Za mu bi tarihin wani ɗan reshe ne na adabin yara, wato littattafan hoto da ake rubuta wa 'yan shekara biyu zuwa uku domin a taimaka musu su bar kunzugu su koma hawa fo. Wanda ya shiga babban kantin littattafai a Landan ko Tokiyo a yau zai iya tarar da kanta guda cike da irinsu. Kafin shekarun 1970 kuwa da wuya a ga ko guda. Wannan shi ne abin da ya ja hankalinmu, domin shi kansa littafin hoto tsohon abu ne. Tun a 1658 wani malami mai suna Comenius ya buga Orbis Pictus a birnin Nuremberg na Jamus, littafin da ke koya wa yara sunayen abubuwa da hotunansu. A 1744 kuma John Newbery ya fara sayar da ƙananan littattafan nishaɗi na yara a Landan. Kashi da fitsarin yara kuwa sun girmi kowane littafi. To me ya hana su haɗuwa har tsawon shekara ɗari uku?

Amsar da za ta fara zuwa bakin kowa ita ce kunya, kuma akwai gaskiya a cikinta. Turawan ƙarni na 19 sun yi suna wajen ƙin ambaton irin waɗannan abubuwa a bainar jama'a. Sai dai idan muka duba littattafan renon yara na wancan zamani za mu ga likitocinsu ba su ji kunyar komai ba, sun yi bayanin kashin jariri dalla-dalla, launinsa da kaurinsa da lokacinsa. Babban dalilin yana wani wuri daban, wato a shekarun yaron da ake koya wa.

A 1894 wani likitan yara a New York, L. Emmett Holt, ya fitar da wani ɗan littafi mai suna The Care and Feeding of Children, wanda ya tsara shi tambaya da amsa domin masu reno. Shawararsa ita ce a fara horar da jariri tun yana wata biyu zuwa uku. Mai reno za ta ɗora ƙaramin fo a tsakanin gwiwoyinta, ta riƙe jaririn a kai bayan ya sha nono, a lokaci ɗaya kullum, har cikinsa ya saba. A 1928 masanin halayyar ɗan Adam John B. Watson ya zo da nasa littafin renon, inda ya ɗauki jariri tamkar agogon da ake saitawa, har yana gargaɗin iyaye mata a kan yawan runguma da sumbata. Gwamnatin Amurka ma tana da nata littafin, Infant Care, wanda Hukumar Kula da Yara ta fara bugawa a 1914 aka raba miliyoyinsa. Bugun da ya fito a farkon shekarun 1930 ya nemi a gama horar da cikin jariri kafin ya wuce wata shida zuwa takwas, kuma ya ba da shawarar a fere sabulu siriri a sa masa a dubura idan ya ƙi yi a lokacin da aka tsara masa.

Kada mu yi saurin zagin waɗannan iyaye. Kunzugun wancan lokaci tsumma ne, kuma hannu ne ke wanke shi, a jiƙa, a dafa, a shanya, a ƙasar da sanyi kan hana kaya bushewa kwana da kwanaki. Uwar da ke da yara uku a jere tana da dalilinta na son kashin nan ya faɗa cikin fo tun da wuri. Abin da ya shafe mu a matsayinmu na marubuta shi ne, jariri ɗan wata uku ba ya sauraron labari. Ba a neman yardarsa, ba a buƙatar ya fahimci komai. Duk rubutun da aka yi a kan wannan batu uwa aka yi wa shi. Inda kuwa littafin yara ya taɓo gyaran ɗabi'a, da tsoro yake zuwa. Shahararren misali shi ne Struwwelpeter, wanda wani likitan Jamus, Heinrich Hoffmann, ya rubuta a 1845, inda tela ya shigo da ƙaton almakashi ya yanke wa wani yaro manyan yatsu saboda yana tsotsonsu. Mu ma mun san wannan hanya, da dodo aka rene mu.

Kiɗan ya fara canzawa ne daga wajen Sigmund Freud, likitan nan na birnin Biyana, wanda a farkon ƙarni na 20 ya danganta wasu halayen manya, kamar rowa da taurin kai da tsananin son tsari, da abin da ya faru da su a lokacin koyon bayan gida. Masana da yawa a yau ba su yarda da wannan ra'ayi ba, amma ya bar tsoro a zuciyar iyaye, tsoron kada matsi ya ɓata yaro. Benjamin Spock, likitan yara wanda shi ma ya karanci wannan fanni, ya fitar da littafinsa na reno a 1946, ya ce wa iyaye su sassauta, su amince da hankalinsu, su jira yaro ya nuna alamar shiri. Littafin ya shiga gidajen Amurka masu yawan gaske.

Wanda ya ɗora maganar a kan bincike shi ne T. Berry Brazelton, wani likitan yara a jihar Massachusetts. A 1962 ya buga maƙala a mujallar likitoci ta Pediatrics a kan yara 1,170 da ya bi diddiginsu a asibitinsa. Tsarinsa shi ne kada a fara sai yaro ya kai kimanin wata 18, ya iya tafiya, ya iya zama da tashi da kansa, ya fahimci magana, ya fara son kwaikwayon manya. Da farko a ajiye masa fo ya saba da ganinsa, ya zauna a kai da kayansa a jiki, daga baya a cire kunzugun, haka mataki-mataki, kuma duk lokacin da ya tirje a ja da baya. Yaran da ya bi sun daina ɓata jikinsu da rana a kimanin wata 28. A nan ne ƙofar littafi ta buɗe. Da zarar an ce sai yaro ya fahimta kuma ya yarda, to dole a yi masa magana, kuma dole a nemo harshen da zai gane.

Amma shawarar likita kaɗai ba za ta sa uwa ta jira wata 28 ba muddin hannunta na cikin bahon wanki. Abin da ya ba ta damar jira shi ne kayan zamani. Injin wanki ya yawaita a gidajen Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙarshen shekarun 1940 wata uwa mai suna Marion Donovan ta ɗinka wani wandon da ba ya yoyo wanda ake sa wa kunzugu daga waje, ta fara gwada shi da labulen banɗaki. A 1961 kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers, wanda ake yarwa bayan an yi amfani da shi, Huggies kuma ya biyo baya a 1978. Irin wannan kunzugu yana tsotse ruwa har yaro ba ya jin jiƙa, uwa kuma ba ta da wankin da zai sa ta gaggawa. Shekarun koyon fo suka riƙa ja da baya, har zuwa ƙarshen ƙarnin ya zama ba abin mamaki ba ne a ga ɗan shekara uku da kunzugu a Amurka. Yaro ɗan shekara biyu da rabi kuwa mutum ne mai ra'ayi, ya iya cewa a'a, ya iya ɓuya a bayan kujera ya yi abinsa. Wannan shi ne mai karatun da littattafanmu na yau suka samu.

Kafin littafin ma an gwada 'yar tsana. A 1974 wasu masana biyu, Nathan Azrin da Richard Foxx, suka fitar da littafin da ya yi wa iyaye alƙawarin horar da yaro cikin ƙasa da yini guda. Daga cikin dabarunsu akwai 'yar tsana mai shan ruwa ta yi fitsari, yaro ya ɗora ta a fo, ya yaba mata, ya koyi matakan ta hanyar koya mata. Tunanin da ke bayan wannan shi ne yaro ya ga wani ya yi kafin a ce shi ya yi. Littafin hoto ya ɗauki wannan aikin na 'yar tsana, ya ƙara masa labari.

Abin sha'awa, littattafai biyu da suka buɗe fagen ba daga Amurka suka fito ba. Na farko wata mai zane ce a Isra'ila ta yi shi, Alona Frankel, wadda aka haifa a birnin Krakow na ƙasar Folan a 1937. Ta rubuta shi ne domin ɗanta, aka buga shi da Ibrananci a 1975, fassararsa ta Turanci kuma ta fito a 1980 da sunan Once Upon a Potty. Uwa ce ke ba da labarin. Ta fara gabatar da ɗanta, ta lissafa gaɓoɓin jikinsa da amfanin kowace, kai da ido da hannu, ta gangara har zuwa mafitar fitsari da ta kashi ba tare da ta sauya murya ba. Wata rana kaka ta kawo kyauta a naɗe. Yaron ya yi ta tunanin ko hula ce, ko kwanon madarar kyanwa, ko tukunyar fure, kafin a gane fo ne. Ya zauna babu abin da ya fito. Daga baya ya yi, amma a gefen fo ɗin. Sannan akwai wani shafi da kalmar zama ta cika shi tana ta maimaituwa, yadda mai karantawa sai ya gaji da faɗa kamar yadda yaron ya gaji da jira. A ganinmu wannan shafin ne zuciyar littafin. Duk wadda ta taɓa tsugunawa a gaban yaro tana jiran abin da ya ƙi zuwa ta san wannan lokacin, kuma Frankel ta samo hanyar sa takarda ta yi jinkiri. Daga baya ta fitar da na 'ya mace, yarinya a madadin yaron. Ta kuma shawarci iyaye su musanya kalmomin da ta yi amfani da su da waɗanda ake faɗa a gidansu.

Na biyu ya fito a Jafan a 1977, daga hannun Taro Gomi, haifaffen Tokiyo a 1945, wanda ya yi littattafan yara fiye da ɗari huɗu. Sunan littafin Minna Unchi, ma'ana kowa na kashi. Kamfanin Fukuinkan Shoten ne ya buga shi a cikin jerin littattafansa na kimiyya domin ƙananan yara, kuma wannan ya nuna yadda aka ɗauke shi, bayani ne a kan halitta, ba umarni ba. Babu jarumi a ciki, babu uwa mai lallashi. Ya fara da giwa da ɓera da bambancin girman abin da kowannensu ke fitarwa, ya bi ta kan raƙumi har ya yi wata 'yar zolaya da tozonsa sannan ya janye ta, ya nuna kifi da tsuntsu da ƙwaro, masu yi a tsaye da masu yi suna tafiya, masu binnewa da waɗanda ba su damu ba. Sai can ya iso kan mutane, babba a masai, yaro a fo, jariri a kunzugu. Hujjarsa duka ita ce cin abinci, mai ci dole ya fitar. Ko sau ɗaya bai ce wa yaro ya hau fo ba. Ya dai sa shi a sahun sauran halittu, ya bar shi ya ga inda irinsa ke yi.

Sai da littafin ya shekara 16 kafin ya shiga Turanci. Wani ƙaramin kamfani, Kane/Miller, ya fitar da fassarar Amanda Mayer Stinchecum a Amurka a 1993 da sunan Everyone Poops. Wasu masu sharhin littattafai suka yamutsa fuska, suna ganin abu ne da bai kamata a zana ba, iyaye kuwa suka yi ta saye. Wannan tazarar ta shekara 16 tana nuna cewa ita ma kunyar da muka ambata da farko ta yi nata aikin, ko da ba ita ce babbar mai tsaron ƙofa ba.

A 1986 aka sami wasu guda biyu da suka ɗauki hanyoyi mabambanta. A Amurka, Fred Rogers, wanda ya shafe shekaru yana gabatar da shirin yara a talabijin, ya fitar da Going to the Potty da hotunan kyamara na yara na gaske maimakon zane. Rogers ya daɗe da lura cewa ƙananan yara na tsoron ramin ruwa, suna ganin kamar zai haɗiye su yadda yake haɗiye ruwan wanka, har ya yi musu waƙa a kan haka. Babba ba ya tuna wannan tsoro, amma ga wanda tsawonsa bai kai kujera ba, masai mai ƙara da ke zuƙe abin da ya fito daga jikinsa abin firgita ne. A Ingila kuma Tony Ross ya fitar da I Want My Potty, labarin wata 'yar gimbiya mai rigima wadda ta tsani kunzugu kuma ba ta son fo, har dai ta saba da shi. Ran nan tana saman soron fada sai ya matse ta, ta kwarma ihu a kawo mata fo. Saƙon ya yi ta bi daga baki zuwa baki, kuyanga da sarki da mai dafa abinci da shugabannin soja, kowa na ruɗewa, kafin fo ya iso aikin gama ya gama. A nan labarin ya tsaya, da ɗan kududdufi a ƙasa. Ross ya gane abin da masu wa'azi ba su gane ba, cewa yaron da ake karanta wa littafin ya yi kuskuren nan jiya kuma zai sake yi gobe, saboda haka ganin 'yar sarki ma ta yi ya fi masa amfani a kan ganin wani yaron kirki da bai taɓa kuskurewa ba.

Jamus ta kawo nata a 1989, labarin da Werner Holzwarth ya rubuta, Wolf Erlbruch ya zana, na wata 'yar dabba mai tonon rami, mai kama da jaɓa, wadda ta leƙo daga raminta kashi ya faɗo mata a ka. Ta bi dabbobi ɗaya bayan ɗaya tana tuhumarsu, kowace na kare kanta ta hanyar nuna irin nata, har ƙudaje biyu suka warware shari'ar suka ce kare ne. Ba a rubuta shi domin koyon fo ba, amma iyaye suka ja shi zuwa can saboda yana sa yaro dariya a kan abin da yake ɓoyewa. Erlbruch ya ci lambar Hans Christian Andersen a 2006, wadda ita ce mafi daraja a adabin yara, wato zana kashi bai rage masa komai ba.

Daga nan kasuwa ta karɓe fagen. A wannan shekarar ta 1989 Huggies ya fito da Pull-Ups, kunzugu mai siffar wando domin yaran da ke koyon fo. A 1998 Pampers ya ƙaro wani babban lamba domin yara masu girma, kuma shi kansa Brazelton ya fito a tallarsa yana cewa kada a gaggauta wa yaro, abin da ya jawo masa suka daga masu ganin likita da ɗan kasuwa sun haɗa kai. Littattafai suka yi yawa. Duk wani ɗan zanen talabijin da yara ke so sai da aka ɗora shi a fo. Aka yi masu maɓallin da ke ƙarar ruwan masai, aka yi masu 'yan takardun liƙawa na tukuici. Yawancinsu, a gaskiya, talla ce da aka yi wa bango. Jaruminsu na murmushi daga shafin farko zuwa na ƙarshe, ya hau, ya yi, a tafa masa. Shi ya sa har yau na Frankel da Gomi da Ross ne ake ta sake bugawa, waɗanda ke da jira da kuskure da dariya a cikinsu. Littafi dai ba ya nunar da mafitsara, ba ya ƙarfafa tsokar da ke riƙe kashi, wannan aikin jiki ne da lokaci. Abin da yake iya yi shi ne ya ba yaro kalmar da zai faɗa idan ya ji matsi, ya jera masa matakan, ya rage masa tsoro, ya kuma ba uwa da ɗa wani abin kallo tare a lokacin da zaman ya yi tsawo.

A shekarar da littafin Gomi ya fito, 1977, wannan mujalla ta Pediatrics ta buga wani bincike da wasu masana biyu masu suna deVries suka yi a tsakanin ƙabilar Digo da ke gaɓar tekun Kenya. Sun tarar iyaye mata na fara horar da jarirai tun suna 'yan makonni, uwa ta zauna ta miƙe ƙafafu ta ɗora jaririn a kai tana yi masa wani sauti, kuma kafin wata shida yawanci sun saba. Babu sabulu a dubura, babu duka, jaririn yana manne da jikin uwa yini guda har ta san motsinsa. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan hoton, domin haka iyayenmu da kakanninmu ke ɗora jariri a ƙafa. Goyo kansa makaranta ne, uwa na jin yaro ya fara miƙa a bayanta ta san me ke tafe ta sauke shi. A irin wannan gida babu gurbin littafin fo, kuma rashinsa ba ci baya ba ne, an gama aikin tun kafin yaron ya iya riƙe littafi.

Amma idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Yau a Kano da Kaduna da Maraɗi, famfas ya shiga kayan suna, ana sayar da shi ɗai-ɗai a teburin bakin layi. Uwa ma'aikaciya na kai ɗanta gidan reno da kunzugun roba, ɗaki ya cika da kafet da kujerun da ba a son a ɓata. Sharuɗɗan da suka haifi littafin fo a can sun fara taruwa a nan, kuma mun fara ganin ɗan shekara biyu da rabi da bai san fo ba. Adabinmu na yara kuwa tun daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam a ƙarshen shekarun 1930 zuwa su Ka Koyi Karatu, ɗan makaranta ya fuskanta, wanda ya riga ya iya haɗa baƙi. Ɗan yaye da ake karanta wa a cinya ba mu cika rubuta masa komai ba.

Wanda zai gwada a cikinmu zai fara cin karo da kalma. Bayan gida da ba-haya da bawali da kewayawa maganar manya ce, an yi su ne domin a sakaya, yaro kuwa yana buƙatar a bayyana masa. Kashi da fitsari su ne na gaskiya, tutu kuma ita ce ta bakin yara a gidaje da yawa. Marubuci zai ji alƙalaminsa na noƙewa, musamman idan ya tuna surukarsa za ta iya ganin littafin. Sai dai mu tuna cewa malamanmu ba su noƙe ba. Babin tsarki yana cikin babukan farko na Ahalari da Ishmawi da Risala, ana fassara su a zaure a gaban yara da manya, ana kiran kowane abu da sunansa. Muna da gadon magana a fili a kan wannan batu wanda Turawan ƙarni na 19 ba su da shi.

Fassarar na waje kai tsaye ba za ta yi ba, domin kama da wane ba ta wane. Yaron cikin littafin Turawa yana goge jiki da takarda, namu buta ce da ruwa da hannun hagu. Nasu yana hawa farin masai mai kujera, namu a gidaje da yawa masai ne na rami wanda uwa ke hana ƙaramin yaro kusantarsa, kuma tana da gaskiya, tsoron faɗawa da Rogers ya yi ta kwantarwa a can, a nan tsoro ne mai tushe. Akwai kuma wata matsala da marubucin Landan bai taɓa tunaninta ba. Irin wannan littafi an yi shi ne a karanta yaro na zaune a fo, da hannun da ba lalle ya kasance mai tsabta ba, a ajiye a ƙasa, wani lokaci a shiga da shi banɗaki. Marubucin Hausa zai so ya sa addu'ar shiga banɗaki da ta fita, tunda suna cikin abin da ake koya wa yaro tare da shiga da ƙafar hagu. To littafin da ke ɗauke da sunan Allah ba a kai shi wannan wuri. Ko dai a bar addu'ar a bakin uwa, hoto ya nuna tana faɗa ba tare da an rubuta ba, ko a tsara littafin domin a karanta a ɗaki kafin a tafi. Dole marubuci ya zaɓi ɗaya tun kafin ya nemi mai zane.

Sannan akwai abin da muka gada na kunyatarwa. Mun san yadda ake yi wa mai fitsarin kwance, a kira shi amalala, yara su bi shi da waƙa. Fitsarin dare daban yake da koyon fo, yakan ɗauki shekaru kafin jiki ya iya riƙe shi, kuma yaro ba da gangan yake yi ba. Littafin da zai ɗauko wannan zolaya domin ya ba da dariya ya koma layin telan nan mai almakashi.

Shafin ƙarshe ma abin tunani ne. A littafin Frankel uwa da ɗa na ɗaukar fo su juye a masai, yaron ya yi wa abin bankwana ruwa ya tafi da shi. A wurinmu wannan shafi ya fi nauyi. Mutane da yawa sun ɗauka kashin ƙaramin yaro ba shi da illa, shi ya sa ake watsa shi a bola ko a kwata ko a bar shi a tsakar gida kaji su tona, alhali yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa da tsutsar ciki kamar na babba. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana bayan gida a fili, a 2022 kuma aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta kai ga haka, amma fo ɗin da aka juye a bayan katanga ya mayar da hannun agogo baya. Saboda haka labarin namu ba zai tsaya a inda yaro ya miƙe ana tafa masa ba. Sai an ga an kai fo masai, an wanke shi, an kife, an zuba ruwa da sabulu a hannu biyu, na yaron da na wadda ta wanke shi. Idan kuma mai zanen ya kalli tsakar gidanmu da kyau kafin ya ɗauki fensir, zai ga sau da yawa ba uwa ce ke riƙe da butar ba, tana can bakin murhu. Yayarsa ce 'yar shekara bakwai, da ɗankwalinta a karkace.